Gasar Wasanni ta Ƙasa, da Nauyin da ke Kan Mai Masauki

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Bakori, ko Funtuwa, ko Malumfashi, ya san abin da kan biyo bayan kaka. In an yanke dawa an kai dammuna rumbu, an tsince auduga an kai ta ma'auna, kuɗi ya shiga aljihun manomi, sai ka ji kalangu na tashi da la'asar a bayan gari. Kafin ka ce kwabo fili ya cika. 'Yan dambe ne suka zo daga wani gari, sun naɗe hannu da zare, kowa na zuba kirari yana neman abokin karawa. Masu kallo kuwa idonsu na kan mutum biyu kaɗai, wanda ya yi kisa da wanda aka kashe.

Amma akwai mutum na uku wanda ba a yi masa kiɗa, ba a yi masa kirari, alhali in ba dominsa ba da ba a taru ba. Shi ne mai masauki. Shi ya share fili, shi ya ba da ɗaki da tabarma, a gidansa aka tuƙa tuwon baƙi. To, 'yan makaranta, labarinsa za mu ba ku yau, sai dai ba na ƙauye guda ba, na Nijeriya baki ɗaya. Watau tarihin babbar gasar nan da jihohi kan taru su yi a gari guda, da abin da kan hau kan garin da aka taru a cikinsa.

Yadda Mutanen Da Suka Yi

Tun kafin a san makarantar boko, ƙasar Hausa ta san gasa tsakanin gari da gari. Dambe asalinsa na mahauta ne, kokawa ta manoma, sharo na Filani, langa kuwa ta yara ce a dandali. In lokacin kalankuwa ya zo, samari su kan yi ayari su bi garuruwa tare da makaɗansu. 'Yan dambe in sun isa gari, wurin Sarkin Fawa su kan sauka, don shi ne uban sana'arsu. Wanda ya yi fice sai sunansa ya wuce ƙafarsa, kamar Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe har mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka san shi.

Ba a rubuta dokar wannan al'amari a takarda ba, amma kowa ya san ta. Abu uku ke kan mutanen gari. Na fari, su ciyad da baƙo, ko da shi ne zai kashe musu gwaninsu gobe. Na biyu, masu rabo su tsaya kan gaskiya, kada su danne baƙo don ɗan gida. Na uku, in an tashi a yi sallama cikin mutunci, a yi rakiya. Me ya sa suka kiyaye wannan? Ba don sun fi mu kirki ba ne. Don sun san bana su ne masu gida, baɗi su ne baƙi, abin da suka yi wa mutane kuwa shi za a yi musu. Shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take. Ku riƙe wannan magana, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba a kanta yake.

Zamanin Larduna

Da Turawa suka zo suka raba Arewa lardi lardi, sai suka kawo nasu wasanni, suka shigo da su ta ƙofa biyu, fada da makaranta. Ta wajen fada, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya karɓi ƙwallon dawaki, watau folo, ya kafa shi a Katsina. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya gwanance da shi har sunansa ya kai ƙasashen waje. Ta wajen makaranta kuwa, a 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina. Nan aka tara samari daga lardunan Arewa, na Sakkwato, na Barno, na Bauci, na Ilori, suna kwana wuri guda, suna karatu da safe, da yamma su fita fili. Suka koyi kurket, da guje-guje da tsalle-tsalle, da wasan nan na buga 'yar ƙwallo a bango da tafin hannu. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello duk ɗaliban wannan makaranta ne, Ahmadu Bello kuwa bai rabu da wasan bango ba har bayan ya zama Firimiya.

Sa'an nan wani Bature mai suna Hussey, wanda ya zama shugaban ilmi na Nijeriya duka a 1929, aka sa wata garkuwa da sunansa, 'yan makarantun Arewa da na Kudu suka riƙa karawa a kanta wajen gudu da tsalle. Wannan ƙaramin abu ne in an gwada da na yanzu, yara kaɗan ne suka taɓa zuwa. Amma ga yaron da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ya shiga jirgin ƙasa ya je ya yi tsere da wanda ba ya jin harshensa, ba ƙaramin ilmi ba ne. Daga nan aka fara gane cewa filin wasa na iya haɗa waɗanda nisa ya raba.

Bayan Yaƙi

Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. Ba a cika shekara bakwai ba sai aka faɗa cikin yaƙin basasa, daga Yuli 1967 har Janairu 1970. Mutane da yawa ƙwarai suka hallaka, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su ba harsashi ba. Da aka ajiye makamai, sai Janar Yakubu Gowon ya yi shela cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, 'yan'uwa ne suka saɓa suka shirya. Amma kun sani, faɗar magana daban, shigarta zuciya daban. Yaron da ya tashi yana jin ana ce masa mutanen wancan gefe abokan gaba ne, ba jawabin rediyo zai kankare masa ba. Sai ya gan su da idonsa, ya ci abinci da su.

Gowon kuwa ya san darajar fili, don a Wusasa ya tashi, ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ita ce Kwalejin Katsina ta dā bayan ta ƙaura, yanzu ake ce mata Barewa. Can ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya yi gudun dogon zango, ya yi damben Turawa. Dabarar kuma ba sabuwa ba ce a duniya. Mutanen Girka na zamanin dā, waɗanda biranensu ba su rabuwa da yaƙi da juna, in lokacin wasanninsu na Olimfiya ya zo sai a yi shelar amana, don mai zuwa wasa ya wuce ƙasar abokan gaba ba wanda ya taɓa shi.

Saboda haka gwamnati ta kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971. Aka gina babban filin wasa a Surulere, cikin Ikko, aka yi Wasannin Afirka karo na biyu a ciki a Janairu 1973. Da baƙin Afirka suka watse, ga fili, ga kayan aiki, ga ma'aikata sun koyi hannu, sai aka kira 'yan gida. A cikin shekarar nan ta 1973 aka yi Gasar Wasanni ta Ƙasa ta farko, jihohi 12 na lokacin kowace ta aiko da nata, har da Jihar Gabas ta Tsakiya inda yaƙin ya fi yin ɓarna. A shekarar ce kuma aka kafa aikin bautar ƙasa, wanda kan tura mai digiri ya yi shekara guda a jihar da ba tasa ba. Ku lura, duka biyun magani guda ne aka haɗa wa ciwo guda. Aka ƙulla cewa za a riƙa yin gasar bayan shekara biyu biyu.

Ranar da Aka Zo Gidanmu

Karo na biyu, a 1975, Ikko aka koma. Amma in gari guda ne kullum ke saukar da mutane, ai ba zumunta ake yi ba, gaisuwar fada ake zuwa. Sai a 1977 aka fitar da gasar daga Ikko karo na farko, aka kawo ta Kaduna. A lokacin jihohi sun zama 19, Jihar Katsina kuwa ba a yi ta ba tukuna, sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Ashe ke nan mutanen Bakori, da Funtuwa, da Malumfashi, da Katsina, da Daura, duk suna cikin masu masauki a wannan shekara. Kaduna kuwa ba ta shiga aikin da ka ba. Tana da filin wasa na Ahmadu Bello tun zamanin Jihar Arewa, kuma a farkon shekarar ta sauki dubban mahaya da baƙi na ƙasashe a babban hawan daba da aka yi don bikin al'adun baƙar fata na duniya.

To, mene ne saukar da irin wannan taro? Ku auna da abin da kuka sani. In makarantarku za ta sauki 'yan ƙwallo goma sha ɗaya na makarantar da ke kusa, kun ga yadda hedimasta kan yi ta kai da kawowa tun ana sauran mako. To, ku ɗauka mutum dubbai ne, maza da mata, za su yi kwana goma ko fiye, ba kuma wasa guda suka zo yi ba. Mai gudu na son hanyar da aka auna daidai, ba a rage ko taki ba. Mai ninƙaya na son kududdufin siminti mai ruwa garai. Mai damben Turawa na son dandamali da igiya da ma'aunin nauyi. Mai keke na son titi mai kyau, a kuma tsare masa motoci. Kowane wasa da alƙalansa, da agogonsa, da littafinsa.

Wannan ma duk mai sauƙi ne a kan abin da ke bayan fage. Ina za su kwana? Galibi ɗakunan kwanan ɗalibai na kwalejoji da jami'o'i a kan ba su, sai an tanadi katifa, da gidan sauro, da ruwan wanka, da makewayi. Me za su ci? Wanda ya saba da tuwo da miyar kuka, ga shi tare da wanda bai san abinci ba sai teba, da wanda in ba sakwara ba bai ƙoshi ba, kuma duk sai an ciyad da su a kan lokaci, don mai tsere da hantsi ba ya jiran tukunya. Wa zai kai su fili ya komo da su? Wa zai duba wanda ya karye? Wa zai tsare kayansu? Mai masauki ne duk. In ya yi daidai, ba mai tunawa da shi, sai a yi ta zancen wanda ya ci zinariya. In kuwa famfo ya ƙafe kwana guda, sunan jiharsa zai kai kowane lungu na ƙasa kafin baƙi su isa gida.

Yadda Layi Ya Zaga, da Inda Ya Tsinke

Daga Kaduna aka tafi Badun a 1979, sai Bini a 1981. A 1983 ba a yi ba. Sai a 1985 aka haɗu a Ilori, 1988 a Fatakwal, 1989 a Ikko, 1991 a Bauci. Daga nan aka yi shiru har 1996, da aka je Makurɗi. Sa'an nan abin ya ɗan daidaita: Oweri 1998, Bauci kuma 2000, Bini 2002, Abuja 2004, Jihar Ogun 2006. A 2009 aka komo Kaduna, zamanin Gwamna Namadi Sambo, Shugaban Ƙasa kuwa Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina. Sai Fatakwal 2011, Ikko 2012.

Daga nan aka ba Kalaba, a kan za ta yi a 2014. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, shiri bai kammala ba, har dai aka karɓe aka yi a Abuja a 2018. Na Jihar Edo da aka sa 2020, annobar korona ta tura shi Afrilu 2021. Aka yi na Asaba a ƙarshen 2022, na Abekuta a Mayu 2025.

Ga lissafi, ku ɗauki alli. Daga 1973 zuwa 2025, in da an cika alkawarin shekara biyu biyu, da an yi 27. Abin da aka yi 22 ne. Kada ku ce biyar ai ba yawa. Ƙarfin mai gudu kamar damina ne, ba ya jiran wanda bai gyara gona ba. Yarinyar da take da shekara 17 a 2012, tana jiran Kalaba, ba ta sake ganin fage ba sai tana da 23. Nawa ne irinta suka gaji suka bari? Mai masaukin da ya karɓi aikin da ba zai iya ba, ba kansa kaɗai ya kunyata ba, ƙuruciyar 'ya'yan mutane ya ci.

Wa Ke Cin Gasar?

Wani zai zaci mai gida shi kan ci kullum. Ba haka tarihi ya nuna ba. Jihar Yamma ta Tsakiya ita ta zo ta ɗaya a 1973, aka sake mata suna Bendel a 1976, ta ci gaba da rinjaye a mafi yawan tarurrukan farko. Da aka raba ta biyu a 1991, Edo da Delta, sai 'ya'yan suka gaji uwa. Daga 2000 zuwa 2025 Delta ce ta ɗaya kowane karo, in banda 2002 da Edo ta ci, da 2011 da Ribas ta ci. Kaduna ta sauki baƙi sau biyu, ba ta zo ta ɗaya ba ko sau guda.

Ba tsafi ba ne, ba kuma don ƙafafunsu sun fi namu tsawo ba. Gwamnansu na lokacin yaƙi da bayansa, Samuel Ogbemudia, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki wasa aikin gwamnati. Ya gyara filin wasa na Bini, wanda yanzu ake kira da sunansa, ya kafa sansanin horo a wani gari wai shi Afuze, ya sa a bi makarantu ana tsamo yara masu hazaƙa ana ba su malamai. Abin da ya shuka shi ake girba har bayan ransa.

Akwai kuma wata hanya da waɗansu jihohi suka bi, wadda aka daɗe ana kuka da ita. In gasa ta matso, maimakon su yi renon nasu, sai su buɗe jaka su ɗauko gwanayen wata jiha su sa musu riga. A ci lambobi, a yi hoto, baƙon haya ya karɓi kuɗinsa ya tafi, makarantun jihar na nan ba ko ƙwallo. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da Maƙwabta Suka Yi

Ku ɗaga ido ku dubi arewa da mu. A Jamhuriyar Nijar, zamanin Saini Kunce, aka kafa gasar kokawa ta ƙasa a 1975. A Tawa aka fara, wanda ya ci kuwa Kantu ne na Maraɗi, garin 'yan'uwanmu Katsinawa, filin kokawar Maraɗi ma sunansa aka sa masa. Jihohin ƙasar takwas, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace kan kawo 'yan kokawa goma, a kara har a sami wanda ba a kayar ba, a ba shi takobi. Nijar ba ta kai Nijeriya dukiya ba, wasan kuma guda ne, ba a haɗa nauyinsa da namu. Amma abu biyu suka riƙe. Sun ɗauki wasan da talaka ya sani tun yana yaro, kuma sun sa layi yana zagawa, kowane babban gari da filinsa, kowa ya san ranarsa na zuwa. Don haka kusan kowace shekara ake yi, in ana yi kuwa har mai tallan goro kunnensa na jikin rediyo. Dokar nan ce ta mutanen dā, bana ku, baɗi mu.

Saura Ku

Har zuwa 2025 Jihar Katsina ba ta taɓa saukar da wannan gasa da sunan kanta ba, ko da yake ta gina babban fili a birnin Katsina, mai sunan Sarki Muhammadu Dikko. Ran da layi zai zo kanta, ba dattawan yau za su yi aikin ba. Ku ne za ku riƙe agogo, ku ne alƙalai, ku ne masu rabon abinci, waɗansunku kuma su ne a fage. Ƙofa ma a buɗe take, don an shigar da dambe da kokawa da langa cikin gasar, lambar zinariyarsu kuwa ɗaya take da ta mai ninƙaya wajen ƙidaya. Abin da kuke yi a dandali da farin wata, ashe abin kai wa gaban ƙasa ne.

Saboda haka ku fara tun yanzu da ɗan abin da ke hannunku. Ran da 'yan makarantar Ƙanƙara ko na Ɗanja suka zo muku wasa, ku tarye su tun daga bakin hanya. Ku ba su inuwa mai kyau da ruwa mai sanyi kafin ku sha. In malaminku ne alƙali, kada ku so ya karkata wajenku, don cin da aka yi da zalunci ba ya daɗi ko a bakin wanda ya ci. In sun fi ku, ku yi musu barka, ku tambaye su yadda suke horo. In kun fi su, kada ku bi su da ihu, ku raka su har mota. Lamba ta kan yi tsatsa a cikin akwati, amma baƙon da aka girmama ya kan tsufa yana ba jikokinsa labarin garinku. Don wannan aka kafa gasar tun farko, ba don ƙarfe ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa ƙafar zumunta kada ta gaji. Amin.